Jan Wake da Baƙin Zare

Badun, 18 ga Yuni, 1979

Zuwa ga ƙanwata Rabi'atu,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da yara da duk mutanen Soron Ɗinki. Ki gaishe min da Inna. Na san ba za ta amsa ba, cewa za ta yi ki tashi ki duba tukunya, amma dai ki gaishe ta. Ɗan fari ba shi da gata a wurin Bafulatana, na riga na saba.

Ni lafiya lau, in ban da ƙafa. Babur ya kayar da ni a gonar gwaji, ƙashin ƙauri ya tsage. Likita ya naɗe ta da filasta, ya ce in zauna wuri ɗaya har bayan ƙaramar salla. Kada ki gaya wa Inna. Ko kin gaya mata ma ai ba tambaya za ta yi ba.

Ga dalilin takardar. Jiya na ba Mamman direba buhu guda ya kawo gida. Sabon irin wake ne da muka yi shekara huɗu muna fama da shi a cibiyarmu ta binciken noma. Yana isa girbi kafin ruwa ya ɗauke, ana shuka shi a tsakanin gero, kuma ba ya neman taki mai yawa. Tun farin nan da ya ƙarar da shanun dangin Inna nake wannan mafarki. In sojoji sun miƙa mulki a watan Oktoba, sabuwar gwamnati za ta nemi rahoto a kan yadda ƙasar nan za ta ci da kanta, shugabanmu kuwa ya ce ba zai sa waken a rahoto ba sai an gwada shi a gonar manomi ta gaske a arewa. Shi ya sa na tuna da gonar Baba Ɗalha ta bayan Ƙofar Kabuga. Da ni zan kawo da kaina, ƙafa ta hana.

To ki saurara da kyau. Wannan wake iri ne, ba na ci ba ne. An cuɗe shi da maganin da ke hana shi ruɓewa a cikin ƙasa, kuma maganin guba ne ga mutum da dabba. Jan da za ki gani a jikinsa rini ne da ake sawa don gargaɗi. Na ɗaura takarda a wuyan buhun, na kuma gaya wa Mamman da baki, sai dai a tasha ne, 'yan siyasa na ta kiɗa, ban tabbata ya ji ni ba. Ki sa a kai wa Baba Ɗalha buhun a ɗinke yadda ya zo. In ya gama shuka ya wanke hannu da sabulu.

Abin da za a girbe lafiyayye ne, a ci a ƙoshi. Abu ɗaya ne ba mu sani ba tukuna, ko mata za su so shi a tukunya. Wannan sai bayan kaka, kuma ku ne alƙalai.

Yayanki,
Abdulmuttalib

Soron Ɗinki, 27 ga Yuni, 1979

Yaya Abdulmuttalib,

Assalamu alaikum, tare da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Mu nan kowa ƙalau. Ruwa ya sauka sosai, har katangar ɗakin girki ta fara zubowa. Baban yara, Hammadu, ya aiko daga Maiduguri yana gaishe ka, ya ce ni da yara mu ci gaba da zama a gida sai an gama zaɓe.

Yau dai na yarda mutanen Badun sun koya maka zumunci. Shekara nawa kana aiko mana da gaisuwa tsura, sai ga buhu guda! Mamman ya sauke shi da magariba, ruwa ya yi masa duka a hanya, ya ce saƙo ne daga Malam Abdu. Ko ruwa bai tsaya sha ba, wai zai kwashi mutane zuwa taron jam'iyya. Ba takarda, ba komai. Ai ko layi biyu ne ka rubuto, malamin bincike.

Buhun ya kwana a ɗakin Inna, don nan ne kaɗai ba ya yoyo. Da safe na farke shi, sai ga jan wake. Gwaggo 'Yardada ta ce ai haka waken Yarabawa yake, ta taɓa saya a Sabon Gari. Na wanke ɗan kaɗan in gani, ruwan ya yi ja, ta ce jar ƙasar kudu ce, in an ɗauraye shi ke nan.

Ka san gidanmu, tsaraba ba ta kwana biyu. Na shimfiɗa tabarma na zauna da kwano, na fitar wa kowa da nasa: gidan Hajiya Turai, gidan Hassana, Gwaggo, da duk maƙwabtan da in an yi suna suke turo mana. Binta mai ƙosai na ninka mata, tunda ita sana'arta ce, rabin unguwa a kaskonta suke karya kumallo. Baba Ɗalha ma ya zo ya ɗauki nasa. Ya juya ƙwayar a tafin hannu, ya ce ta yi kyau, wai da iri ne da ya shuka. Yawancinsu sun ce ajiyewa za su yi sai azumi, tunda ya kusa, a sha ruwa da ƙosan Badun. Ni ma namu na ɗaure na rataye. Albarka dai ka sha ta a unguwar nan, har da waɗanda suka manta kamanninka.

Inna kuwa, sai abin da ka sani. Na kai mata kwanonta, ko kallo bai ishe ta ba, ta ci gaba da ɗinkin hularta. Ta ce, "Kai wa masu haƙora. Ni ina ruwana da kayan mutanen Badun?" Na ce, "Inna, ɗanki ne fa ya aiko." Ta ce in tashi ina tare mata haske. Matar da ba ta taɓa kama sunanka ba tun da ta haife ka, ba a kan wake za ta fara ba.

Ka rubuto mu ji lafiyarka.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

Badun, 6 ga Yuli, 1979

Rabi,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Takardarki ta zo yanzu. Ashe wadda na aiko tun tsakiyar Yuni ba ta same ki ba. Rabi, waken nan guba ne. Iri ne na Baba Ɗalha, an cuɗe shi da magani, ba tsaraba ba ce. Na aika saƙon tangaraho zuwa makarantar da kike koyarwa, sai daga baya na tuna an mai da ita rumfar zaɓe, ba lallai a sami mai karɓa ba. Shi ya sa na ba Isiyaku, wani ɗan Kano da ke aiki a jirgin ƙasa, ya kawo miki wannan hannu da hannu.

Ki ajiye duk abin da kike yi. Ki bi gida-gida ki karɓo, ki fara da Binta. Wanki ba ya fitar da shi. Jan ne kawai ke fita, gubar tana nan, dafuwa ma ba ta kashe ta. Kada a watsa wa kaji, kada a zubar a kwata ko kusa da rijiya.

Abin da ya fi ba ni tsoro, wanda ya ci ba lallai ya ji komai a ranar ba. Sai bayan makonni yatsunsa su fara mutuwa, leɓe ya yi nauyi, ya riƙa tuntuɓe a fili, gani ya ragu. Duk wanda ya ci ko loma ɗaya ce a kai shi asibiti, a nuna wa likita bayan takardar nan, na rubuta sunan maganin.

Na san abin da nake sa ki. Na san a unguwarmu ba a bin kyauta a karɓo. Ki ɗora laifin a kaina, nawa ne. Na gwada tashi in hau jirgi, ƙafar ta ƙi kai ni ko bakin ƙofa. In na rufe ido layin yara nake gani a gaban kaskon Binta, kowa da kwanonsa.

Ko gaisuwa ban yi ba. Ki gaishe da kowa. Ki ba Isiyaku amsa, jibi zai juyo.

Abdulmuttalib

Soron Ɗinki, 14 ga Yuli, 1979

Yaya,

Wa alaikumus salam. Isiyaku ya kawo takardarka, Allah Ya saka masa. Ban iya ba shi amsa a wancan zuwan ba, ban zauna ba. Washegari kuma sai ga ta farkon daga gidan waya, ta zo tana gaya min kada in buɗe buhu. Ya ƙafar? Allah Ya ba da lafiya.

Ka ɗan saki ranka, ba wanda ya mutu. Ko mayafi ban gyara ba na yi gidan Binta. Na tarar ta zuba shi a tukunyar ƙasa ta rufe, tana jiran ganin wata. Da na faɗa mata sai ta zauna daɓas a ƙasa tana salati, ta ce saura kaɗan ta jiƙa shi ranar Juma'a, wata zuciya ta ce ta bari. Ni ma nan na zauna kusa da ita.

Sauran gidajen kuwa na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Hajiya Turai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yau na ga abin da ban taɓa gani ba, 'yar Malam ta zo karɓar kyauta. In kun ga ba mu isa ba ne ai sai ku faɗa." Sai da na rantse mata kafin ta ɗauko, ta dire min a gaba. Gwaggo 'Yardada kuma ta riga ta aika wa 'yarta rabi a Ɗan Agundi, ita kuma ta ɗibar wa maƙwabciyarta. Kwano ɗaya ya zama gida uku. Haka na yi ta bi, duk ƙofar da na yi sallama gabana na faɗuwa, ina jiran a ce min ai mun cinye.

Gidan Hassana kaɗai suka dafa, sau ɗaya, wake da shinkafa. Na kwashe su har yara zuwa asibiti. Likita ya karanta bayan takardarka ya girgiza kai, ya ce a riƙa kawo su yana dubawa. Kullum sai na je na murza yatsun yaran ina tambayarsu ko suna ji. Har sun fara gudu in sun hango ni.

Abin da ya sa unguwa ta yarda da ni, Baba Ɗalha ya tsince fasassun cikin nasa ya watsa wa kaji tun farko, ga su nan suna tangaɗi suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. Ya yi faɗa sosai. Ya ce boko ne kaɗai zai sa mutum ya zuba wa abinci guba ya ce gyara ya yi. Da ya huce sai ya ce a tattara masa duka, tunda ƙasa ce kaɗai za ta iya cinsa, a ba ta. Jiya ya shuka.

Abu ɗaya ke hana ni sukuni. Yanzu da nake tuna komai, ranar da na farke buhun na ga wuyansa ya ɗan faɗa kamar an ɗiba. Kuma gefe ɗaya na bakin da baƙin zare aka ɗinke shi, ƙananan ɗinki masu kyau, sauran kuwa farar igiya ce. Kai ka yi haka? In ba kai ba ne, to Mamman ne ya ɗebi ladan dako, kuma yana da ƙananan yara. Na aika a nemo shi, an ce yana Haɗeja da 'yan jam'iyya.

Mu a gida ba wanda ya ci, alhamdulillahi. Inna tana nan, duk tashin hankalin nan ko uffan ba ta ce ba. Tsufa dai ya fara taɓa ta. Kwanan nan ni ke zura mata zare a allura, jiya ma ta yi tuntuɓe da dokin ƙofa, ta ce takalmin ne.

Ƙanwarka,
Rabi'atu

Badun, 20 ga Yuli, 1979

Rabi,

Na ga takardarki, na gode wa Allah a kan Binta, ina kuma roƙonSa a kan yaran Hassana. Allah Ya biya ki wahalar da na jawo miki. Amma ƙarshen takardar ya tsinka min zuciya.

Da farar igiya na ɗinke buhun, daga wannan kunne zuwa wancan. Ba ni da baƙin zare. Mamman kuwa ko maɓallin rigarsa bai iya sawa ba. Da shi ne, huda buhun zai yi ya ce ƙusar mota ce. Ki ƙyale shi.

Rabi, a ɗakin wa buhun ya kwana? Wa ke ƙananan ɗinki da baƙin zare a gidanmu? Matar da ke zura allura da almuru ba fitila, ita ce yau take neman a zura mata?

Ke ba ki sani ba, kina ƙarama. Lokacin da nake makarantar kwana, duk ranar komawa ba ta fitowa sallama, amma in na buɗe akwatina a makaranta sai in tarar da dakuwa a ƙulle a ƙasan kaya. Ba ta taɓa cewa ita ce ba, ni ma ban taɓa yi mata godiya ba, don na san godiyar za ta fi zagi yi mata ciwo. Abin da ba za ta karɓa a gaban mutane ba, za ta ɗauka in ba kowa.

Kada ki tambaye ta kai tsaye. Za ta gwammace ta kwanta ta mutu da ta ce ta taɓa kayan ɗan fari. Ki nemi dabara, ki sa Gwaggo a ciki, ki kai ta asibiti ranar da takardar nan ta same ki, ko da ƙarya za ki yi mata.

Shekara huɗu muna auna ruwan sama da ƙasa da ƙwari, mun cika takardu a kan yadda za a ciyar da ƙasa, ba wanda ya rubuta layi ɗaya a kan abin da ke faruwa in buhu ya shiga gida. Abokan aikina suna da uzuri, ba su san mu ba. Ni kuwa a Soron Ɗinki aka binne cibiyata. Ina jin tsoro, Rabi, irin wanda ban taɓa ji ba.

Abdulmuttalib

Badun, 30 ga Yuli, 1979

Rabi,

Barkanku da shan ruwa. Shiru har yau. Isiyaku ya dawo hannu wofi, ya ce ya je gidan ya tarar ba kowa, ɗakin Inna da kwaɗo, maƙwabta suka ce kuna asibiti. Bai tambayi wa ke kwance ba, wai ya ji nauyi.

Na roƙi likita ya fasa filastar nan, ya ƙi. Shugabanmu ya aiko a tambaye ni labarin gonar Baba Ɗalha saboda rahoto, ko ta kansa ban bi ba. Ki rubuto ko kalma ɗaya ce. In abin ya riga ya faru, don Allah kada ki ɓoye min, kada ki bari in ji a bakin matafiya.

Abdulmuttalib

Soron Ɗinki, 4 ga Agusta, 1979

Yaya,

Inna tana da rai. Na fara da wannan ne don ka iya karanta sauran. Ka yafe min shirun, a asibiti nake wuni, in na dawo gida ba na iya riƙe alƙalami. Yaran Hassana har yanzu ƙalau, likita ya ce yana sa ran sun tsira.

Da na karanta takardarka sai komai ya fito min fili. Ina yawo unguwa-unguwa ina murza yatsun 'ya'yan mutane, ga ta nan a gabana ina zura mata allura.

Ga dabarar da na yi. Ka san in takardarka ta zo tashi take ta shige ɗaki, amma ba ta taɓa rufe ƙofa ba. Na kira Gwaggo tsakar gida na ce zan karanta mata labarin Badun. Na ɗauko takardar da Isiyaku ya fara kawowa, na ɗaga murya na karanta wurin yatsu da tuntuɓe. Sannan na ƙara abin da ba ka rubuta ba, Allah Ya yafe min. Na ce ka daina cin abinci, ka kuma rantse in aka rasa rai ɗaya a kan waken nan ba za ka sake taka Kano ba. Bayan la'asar na fito daga ɗakin girki, sai ga 'yar tasa a ƙofar ɗakina an rufe da faifai. Ragowar waken ne. Ta wanke shi tas ya yi fari, ta shanya, ta adana. Na ɗago kai na gan ta zaune a bakin ɗakinta, ta riga ta yafa mayafi, takalmanta a gabanta. Na fita na nemo mota.

Gwaggo ce ta samo sauran labarin a asibiti, da Filatanci, don kada in ji. Tun ranar da buhun ya zo ta ɗiba ta mai da ɗinkin. In na tafi makaranta sai ta dafa ɗan cikin hannu a ƙaramar tukunya, ta ci ita kaɗai a ɗaki. Ta daina ranar da Isiyaku ya kawo takardarka. Gwaggo ta ce mata, "To me ya hana ki faɗa?" Ta ce, "Da wane bakin?"

Likita ya tambaye ta wa ya ba ta waken, ta ce wani baƙo ne. Ya ce abin da ta ci ba shi da yawa, rai dai in Allah Ya yarda ba abin tsoro. Ya hana ta azumi, wannan ya fi komai ɓata mata rai. Yatsun ne bai yi alkawari ba. Shekaranjiya ta sa na kawo mata hular da take ɗinkawa, ta kama allura, allurar ta faɗi a kan gado. Ba ta neme ta ba. Na fita baranda na yi kukana na dawo.

Waken Baba Ɗalha ya tsiro, kore shar a tsakanin gero, har masu wucewa ta Kabuga suna tsayawa kallo. Ya ce in gaya maka ka sa a rahoton naku, ko soja ke mulki ko farar hula, kada a ƙara sakin buhu irin wannan ba mutum a bayansa.

Ɗazu ina naɗe tabarma zan taho gida in yi abin buɗa baki, sai Inna ta juya fuskarta bango, ta ce, "In kina rubuta wa mutanen Badun, ki ce musu waken yana dahuwa da wuri, ba ya cin itace." Na tsaya da tabarmar a hannu. Can ta ce, "Kuma da daɗi."

Ka ce kana so ka san ko mata za su so shi a tukunya, to ga amsarka. Tun da aka haife ka, wannan ne saƙo na farko da ta aiko maka. Ranar da aka fasa filastar nan, ka hau jirgi.

Ƙanwarka,
Rabi'atu